Nasiha ga Samari Masu Haɗa Motar Shiga Daji

Ƙannena, wata sabuwar sha'awa ta shigo muku, kuma ni ban ƙi ta ba. Kuna kallon mutanen Ostareliya da Amurka da Afirka ta Kudu a YouTube, sun ɗauki jif sun kafa masa tanti a bisa rufi, sun jera fitilu a goshinsa, sun sa firji a baya, sun nausa daji suna kwana duk inda dare ya riske su. Waɗanda Allah ya hore wa a cikinku har sun sayi tsohuwar Hilux ko Prado, sun fara zarya tsakanin gareji da shagon mai walda. Madalla. Fita ganin ƙasar Allah ya fi zaman majalisa ana cin naman mutane. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda na ga kuna jera sayayyarku. A juye take. Abin da ido zai gani a yaba shi kuke fara saye, abin da zai dawo da ku gida kuwa sai in kuɗi sun yi saura.

Ku fara sanin cewa ratsa daji da mota ba baƙon abu ba ne a wajenmu, kuma waɗanda suka yi shi da gaske ba su yi shi da kayan ado ba. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai sun yi ta sayen tsofaffin Peugeot 504, su tsallako teku zuwa Aljeriya, su bi ta Tamanrasset su faɗo Arlit da Agadas, su sayar da motar su koma gida a jirgi. Motar nan da tayoyin baya kaɗai take ja, irin wadda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna. Ɗan Nijeriya Newton Jibunoh ya ratsa Sahara da mota har sau uku, na farko tun a shekarun 1960 cikin ƙaramar Volkswagen. Har gobe direbobin Agadas suna bin hanyar Dirku da Bilma a Hilux da Land Cruiser waɗanda ba su da komai na ƙawa, sai jarkoki da tayoyi da shebur, da sanin hanya a ka.

Kada wannan ya sa ku raina hamada. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne. Daga Arlit suka taso, akasarinsu mutanen jihar Damagaram ne masu tafiya neman abinci, motocin da suka ɗauko su suka lalace, ruwa ya ƙare. Allah ya jiƙansu. Su talauci ne ya fitar da su, ku nishaɗi ne zai fitar da ku, amma ƙishirwa ba ta tambayar dalilin fitowar mutum. Don haka duk abin da za ku ɗora wa mota, ku fara auna shi da wannan tambaya: in ta tsaya a inda babu kowa, wannan abin zai taimaka ta tashi, ko zai taimaka mu rayu har a zo?

Abu na farko ba saye ake yi ba, karantawa ake yi. Buɗe ƙofar direba, ko ka ɗaga bonet, za ka ga wani ɗan faranti ko takarda da kamfani ya liƙa. A jiki an rubuta iyakar nauyin da motar za ta kai da ita da kayanta gaba ɗaya. Cire nauyin motar kanta daga wannan adadi, abin da ya rage shi ne rabonka. A yawancin jif irin su Prado rabon nan bai cika wuce kilo 600 zuwa 700 ba, akori-kura irin Hilux kuwa takan kai wajen tan guda. Mu ɗauki 700 mu yi lissafi tare. Ku huɗu ne, kowa kilo 75, an ci 300. Ruwan kwana biyar, lita 10 ga kowane mutum a yini, lita 200 ke nan, kuma kowace lita kilo guda ce, an kai 500. Jarka huɗu ta man dizal, da man da ƙarfen jarkar, wajen 85. Ƙarin safaya taya da ƙarfenta, 35. Akwatin sifana da kayan gyara, 30. Abinci da tukwane, 30. Kun tashi a 680, ba ku ɗauki bargo ko ɗaya ba tukuna. To ina gurbin bambar ƙarfe mai kilo 60 ko fi, da winci mai kilo 35, da tantin rufi mai kilo 60 ko 70, da durowar katako da kafinta zai haɗa muku a baya? Babu. Wanda ya fara da su, ruwa zai rage ko ya yi wa motar lodin da ya fi ƙarfinta, kuma dukansu biyun ganganci ne.

Motar da aka yi wa lodi fiye da kima ba a kwalta take nuna halinta ba. Sai an hau hanyar burji mai gargada, an yi awa uku tana kakkarwa, sannan shokozoba ta yi zafi ta daina aiki, sifirin ya karye, taya ta fashe, birki ya ƙi ci a gangare. Mai sayar da kaya zai ce maka a sa sifirin mai ƙarfi magana ta ƙare. Sifirin zai ɗaga bayan motar, gaskiya ne, amma bai ƙara wa shasi da birki da ƙafafun motar ƙarfin da kamfani bai ba su ba.

Inda aka aza nauyin ma abin dubawa ne. Mai jaki ya san in mangala ta rinjaya gefe guda, ko aka tula kaya can sama, tuntuɓe ɗaya zai kayar da jakin da kayan. Haka mota take. Mai nauyi a ƙasa, a tsakanin tayoyin gaba da na baya, a ɗaure tam. Rufin yawancin motoci kilo 75 zuwa 100 aka yarje masa in ana tafiya, har da nauyin kariyar kanta. Na sha ganin hotunan jif da jarkoki shida a sama da taya biyu da tanti, masu shi na alfahari. Irin wannan motar in ta karkata a gefen tudun yashi, ko direba ya kauce wa raƙumi da sauri, kifewa za ta yi. A bar wa rufi tabarma da tamfol da katifa. Kuma a ɗaure komai na cikin mota, domin tukunyar gas ko jak da aka yasar a baya yakan taso ya sami ƙeyar mutum in an taka birki da ƙarfi.

Ruwa shi ne kayan da ba a ciniki a kansa. Lita 10 ɗin da na ambata ta sha ce da girki da alwala a taƙaice, ba ta wanka ba, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 45, shan kaɗai zai iya cinye fiye da rabinta. Ku ƙara na kwana biyu a kan abin da kuka lissafa, saboda ranar da mota za ta ƙi tashi. Kada ku zuba shi duka a tanki guda komai kyansa. Ƙusa ɗaya ko tsagewar walda za ta tsiyayar da shi kuna tafe ba ku sani ba. A rarraba a jarkoki, in ɗaya ta huje saura na nan. Jarkar ruwa ta bambanta da ta mai a launi, don kada wani ya ruɗe cikin dare. Manyan motocin da ke bin hamada sukan rataya salka a gefe, iska na bugunta tana sanyaya ruwan ba tare da batir ba. Wannan dabara ta girmi firjin da kuke sha'awa da ɗaruruwan shekaru, kuma ba ta lalacewa. Lagireto ma yana da nasa kason, kada a manta da shi.

Shi kuwa mai, kada ku yi lissafinsa da abin da motar ke sha a titin Kano zuwa Zariya. A yashi mai laushi, da ƙaramar giya, shan mai yakan ƙaru da rabi, wani lokaci ya ninka. Man da za ku samu a ƙauyukan nesa na bumburutu ne, a galan ko a kwalba, sau da yawa da ruwa ko ƙura a ciki. Ku tafi da mazurari mai rariya da filtar mai guda biyu. A nan ne tsohon inji ya fi sabo. Abin da ya sa mutanen hamada suka riƙe Land Cruiser samfurin 70, wadda Toyota ta fito da ita a 1984, musamman mai injin dizal 1HZ mai lita 4.2, shi ne ba ta da kwamfutar da za ta kulle ta saboda wata 'yar waya ta tsinke, tana haƙuri da man da ba shi da kyau, kuma duk garin da ka shiga akwai bakaniken da ya san cikinta. Sabuwar jif mai allon talabijin ta fi ta daɗin zama nesa ba kusa ba. Amma ranar da fitilar gargaɗi ta kama a bayan Gembu, mai na'urar da zai duba ta yana Jalingo ko Yola. Ni dai shawarata, ku zaɓi motar da kayan gyaranta ke kasuwar ƙaramin gari, ko da ba ita ce ke burge 'yammata ba.

In akwai wurin da zan ce ku saki hannu ku kashe kuɗi, taya ce. Ku sayi sababbi masu kaurin gefe, dukansu iri ɗaya girma ɗaya, har da safaya guda biyu. Kada ku sa tayar kwance, wadda ake kira tokumbo, a motar da za ta shiga daji. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, ku duba, roba tana tsufa ko ba a mora ta ba. Ku guji manyan tayoyin nan da suka wuce girman da kamfani ya sa, domin suna wahalar da giya da kulochi, suna ƙara shan mai, kuma in ɗaya ta fashe ba za ku sami irinta a kusa ba.

Sirrin tafiya a yashi kuwa iska ce, kuma kyauta ne. Mai faci a gari yakan hura taya zuwa 35 ko 40. In kun iso yashi mai laushi ku sauke ta zuwa 18, har 15 in ya yi tsanani. Tayar za ta shimfiɗu, sawunta ya yi tsawo, motar ta riƙa bi ta saman yashin maimakon ta haƙa rami. Mota da yawa da ta kafe, wannan kaɗai ke fitar da ita. Sharaɗin shi ne a tafi a hankali, kada a murɗa sitiyari da ƙarfi don kada tayar ta fita daga ƙarfenta, kuma da an dawo ƙasa mai tauri ko duwatsu a mayar da iskar, in ba haka ba ta yi zafi ta tarwatse. Ke nan ma'aunin iska da famfon hura taya mai aiki da batir wajibi ne, da famfon ƙafa a ajiye ko da wancan ya ƙone, da kayan faci. Duka kuɗinsu bai kai na jerin fitilun da ake ɗorawa a rufi ba. Fitilun ma me za ku yi da su? Mai hankali ba ya tuƙi a daji da dare.

Sai kayan fid da mota in ta kafe. Shebur mai dogon ƙota, farantan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin taya, jak mai kyau da faffaɗan katakon da zai zauna a kai don kada ya nutse, da igiyar ja mai ƙarfi. Winci yana da ranarsa. A damina, a taɓon hanyoyin Gashaka Gumti ko hawan Mambila, inda itatuwa suke ko'ina, zai fitar da ku. A hamadar Tenere kuwa me za ku ɗaura wa? Itaciyar da ta yi suna a wannan hamada, ƙwaya ɗaya tal a fili mai faɗin ɗaruruwan kilomita, wani direban babbar mota ya banke ta a 1973, gangar jikinta na gidan tarihi a Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Sai dai ku haƙa rami ku binne safaya taya ku ɗaura mata, aikin da shebur da faranti za su riga shi gamawa. Saboda haka ku fara yanke shawarar inda za ku, sannan ku sayi kayan wurin. Gargaɗi ɗaya a nan, kuma ku riƙe shi da kyau: in wata mota za ta fizgo taku, kada a maƙala igiya a ƙwallon ƙarfen nan na jan tirela. Yakan ɓalle ya taho da gudun harsashi, ya kashe mutane a ƙasashe da dama. A ɗaura a ƙugiyar da ke manne da shasi, kowa kuma ya ja da baya nesa da igiyar.

Kayan gyara ba sai kun kwashe shago ba. Fambel, tiyon lagireto, fis, filtar iska, baƙin mai, man birki, waya, gam, da sifanun da suka dace da motarku. Abin da ya fi kayan muhimmanci shi ne hannun da zai yi aiki da su. Je ka gareji ranar Asabar ka zauna da bakanikenka, ka ce ya bar ka ka canza fambel da filta da kanka yana kallo, ka biya shi ladan koyarwa. Ka koyi yadda ake fitar da iska daga layin man dizal. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar kwana ita ce ta fi sauƙi, ita kuma kuka fi ba wa kuɗi. Tanti na ƙasa, ko tamfol da aka ɗaura a jikin mota da gidan sauro, ya wadatar. Tantin rufi yana raba mutum da kunama da damshi, ban musa ba, amma duk sanda za ku je ɗebo itace sai an naɗe shi, kuma nauyinsa na can inda ba a so. Ku kakkaɓe takalma da safe. Ku tafi da bargo mai kauri, domin a watannin Disamba da Janairu sanyin dare a duwatsun Azbin yakan kai ruwa ya daskare. Guzurinmu na gado, kilishi da dabino da garin rogo da ƙuli-ƙuli da cuku da shayi, ba ya neman firji. Wanda ya nace sai da firji, to ya sa masa batir na biyu daban da farantin sola, kada ya wayi gari ruwansa da sanyi motarsa ba ta tashi. Kada a kunna gawayi ko janareta a cikin tanti ko a rufaffiyar mota, hayaƙinsu marar wari yana kashe mai barci. Kada kuma a yi zango a cikin busasshiyar ƙorama don yashinta na da laushi. Ruwan da aka yi a kan duwatsu can nesa yakan iso da dare ba tare da ɗigo ɗaya ya sauka a kanku ba. Mutanen Agadas ba su manta ambaliyar ƙoramar Telwa ta Satumban 2009 ba. Ga akwatin magani, da ruwan gishiri da sukari, da abin kashe gobara a inda hannun direba zai kai.

Akwai kuma abin da ba a ɗaure shi a jikin mota. Kada ku shiga wuri mai nisa da mota ɗaya, biyu ne mafi ƙaranci. Ku ɗauki ɗan jagora na yankin, ku biya shi da kyau, ku ji maganarsa ko da taswirar wayarku ta ce wani abu dabam. Ayarin gishirin Bilma da Fashi bai taɓa tashi babu madugu ba. Inda sabis ba ya kaiwa, wayar tauraron ɗan'adam irin Thuraya ita ce abin dogaro, amma ku nemi izinin hukuma kafin ku ɗauke ta, saboda a wurare da dama jami'an tsaro na tuhumar mai riƙe da ita. Ku bar wa wani a gida hanyar da za ku bi da ranar da za ku dawo, da abin da zai yi in ranar ta wuce. In mota ta lalace, ku zauna a wurinta, ku yi inuwa, ku rage motsi da rana. Mota ana hango ta daga sama, mutum mai tafiya a ƙasa ba a ganinsa. A Janairun 1982 Mark Thatcher, ɗan firaministar Birtaniya ta lokacin, ya ɓace kwana shida a hamadar Aljeriya a tseren Paris zuwa Dakar. Shi da abokan tafiyarsa biyu suna nan wurin motarsu jirgin sojan Aljeriya ya gano su. Shi an tashi jirage nemansa saboda uwarsa. Ku ba wanda zai tashi jirgi dominku, sai shirin da kuka yi.

Ba zan ɓoye muku maganar tsaro ba. Dazuzzuka da yawa na arewa maso yammacin Nijeriya da yankin tafkin Cadi ba wurin yawon buɗe ido ba ne a yanzu, wasu sassan arewacin Nijar kuma sai da rakiyar soja, kuma tawayen da aka yi a can ya bar nakiyoyi a wasu hanyoyi. Jif mai ƙyalli da kaya a sama talla ce ga ɓarayi. Ku tambayi hukuma da direbobin tasha kafin ku tashi, takardunku na mota da inshora su cika, in kun isa gari ku fara gaida mai gari ku faɗi abin da ya kawo ku. In aka ce kada ku bi hanya kaza, ku juya, ba abin kunya ba ne.

Ku fara da kusa. Ku je Yankari ku kwana biyu kusa da ruwan Wikki da motar yadda take, ba ku ƙara mata komai ba. Ku sami fili mai yashi a bakin kogi da rani, ku kafar da ita da gangan, ku fitar da ita da shebur da rage iska, abokanku na kusa da wata motar. In hali ya yi kuma an tabbatar muku da lafiyar hanya, ku gwada tuddan yashin Tulo-Tulowa a Yusufari ta jihar Yobe. Duk dawowa ku zazzage kayan a tsakar gida, ku ware abin da ba ku taɓa ba, in ba magani ba ne ko kayan gyara ko abin kashe gobara, ku bar shi a gida a tafiya ta gaba. Kafin ku biya mai walda ko sisi, don Allah ku loda motar da mutanenta da ruwanta da manta, ku kai ta ma'aunin manyan motoci a auna muku ita.